Mu da Najeriya: wa ya fi wani girman kai?



Tun da aka rufe iyaka a 2023 wata cuta ta shigo mana Facebook da TikTok da WhatsApp, kuma buɗe iyakar a watan Maris na 2024 bai warkar da ita ba. Da zarar ɗan Najeriya ya ce uffan a kan Nijar, sai a yi masa ca: masu girman kai, masu cika baki, sun ɗauka su kaɗai ne mutane. Su ma daga can su maido: ƴan ƙauye, mu ke ba ku wuta. Yara ƴan lakwal da ba su taɓa taka Konni ko Ɗan Isa ba suna zagin mutanen da watakila kakansu ɗaya. To yau za mu faɗi tamu, ko da za ta yi wa wasu ɗaci.

Mu fara da abin da ba a musu: rainin akwai shi. A bakin wasu mutanen can, "ɗan Nijar" kalmar ba'a ce, ma'anarta maigadi, ko mai ga-ruwa, ko mai shayi. In ka ce lakwal ko kuran a yi maka dariya, alhali wanda ke dariyar rabin Hausarsa Ingilishi ne. Da aka fara aikin layin dogo daga Kano zuwa Maradi a 2021, wasu a kudancin Najeriya sun yi ta kururuwa kamar an ɗauki dukiyarsu an zuba a rijiya. Mafi zafi kuma shi ne watan Agustan 2023. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, CEDEAO ta sa mana takunkumi, gwamnatin Abuja ta katse wutar da ke zuwa ta layin Birnin Kebbi, wadda a lokacin ita ce wajen kashi 70 cikin ɗari na abin da Nigelec ke rarrabawa. Wanda ya kwana cikin duhu da zafi a Tondibiya ko Kwara Tegi, da wanda kifinsa ya ruɓe a firiji, ba sai an koya masa ma'anar wulaƙanci ba.

Kuma wutar nan saye muke, ba sadaka ba ce. Ruwan da ke juya injinan Kainji tun 1968, nan gabanmu yake wucewa, ya ratsa Yamai, ya bi ta Gaya kafin ya shiga Kebbi. A yaƙin Biyafara, daga 1967 zuwa 1970, Diori Hamani bayan haɗin kan Najeriya ya tsaya, lokacin da Faransa ke karkata ga ɗaya ɓangaren. A watan Maris na 2015 sojojinmu da na Cadi ne suka ƙwato Damasak daga hannun Boko Haram. Diffa da Maradi sun ba dubban ƴan gudun hijira masauki da ɗan abin da suke da shi. Duk mai cewa mu cima-zaune ne, ya koma ya yi karatu.

To amma laifi tudu ne. Ku saurari abin da wasunmu ke rubutawa: ɗan Najeriya ɗan damfara ne, ba amana, ba kunya, mu ne masu tarbiyya, mu ne masu gaskiya. Don Allah wannan mene ne sunansa? Mutum ya haɗa jama'a sama da miliyan 200 ya sa su cikin buhu ɗaya ya ɗaure, sannan ya ce shi ne mai tawali'u! Girman kai iri biyu ne: akwai na mai babbar riga, akwai na mai taƙama da cewa shi ba ya taƙama. Na biyun ya fi wuyar magani, don mai shi bai san yana ɗauke da shi ba.

Ba mu kaɗai ke da babban maƙwabci ba. Kanada mutum wajen miliyan 40 ne, Amurka ta haura miliyan 330, yawancinsu harshe ɗaya, fim ɗaya, kasuwa ɗaya. Shekara da shekaru ƴan Kanada na kallon Amurkawa a matsayin masu hayaniya da fankama, Amurkawa kuma da yawansu ko tunawa da Kanada ba su yi. Tun 1969 firaministansu Pierre Trudeau ya kwatanta zaman da kwana kusa da giwa: ko ba ta nufe ka da sharri ba, in ta motsa sai ka ji a jikinka. Da Donald Trump ya fara cewa Kanada ta zama jiha ta 51, ya ɗora mata haraji a 2025, ƴan Kanada sun yi wa taken Amurka ihu a filayen wasa. Amma ihun bai girgiza kowa ba. Abin da ya sa aka saurare su shi ne suna da abu a hannu: su ne kan gaba wajen sayar wa Amurka ɗanyen mai, kuma jihar Ontariyo ta ƙara kashi 25 cikin ɗari kan wutar da take tura wa jihohin Amurka uku. Kwana ɗaya aka yi aka janye, amma saƙo ya isa. Ku lura: can ƙaramin ne ke riƙe da makunnin wuta. Nan fa?

Nan ne maganar take. Barajin Kandaji, can sama da Tillaberi, tun shekarun 1970 ake zancensa. Marigayi Tandja Mamadu ya aza tubalinsa a 2008, an ce zai ba da megawat 130, har yau ba mu ga wutarsa ba. Goru Banda ta taimaka, amma ba ta ɗauke Yamai ba. Muna da Soraz a Damagaram tun 2011, amma shekara nawa ƴan kabu-kabunmu suka yi suna shan ruwa-ruwa daga ƙetare? Ɗan Kano ne ya hana mu gama Kandaji? Ashar dubu a Facebook ba ta kunna ƙwan lantarki ɗaya. Ranar da muka samar da wutarmu, muka sarrafa albasar Galmi da fatunmu da wakenmu a gida maimakon mu loda su ɗanye cikin kamiyo, ranar ba mai ce mana ƴan ƙauye, ko ya faɗa ba za ta yi mana ciwo ba.

Sannan a daina haɗa gwamnati da jama'a. Lokacin da ake kaɗa gangar yaƙi a Agustan 2023, su wa suka ce a'a? Sanatocin arewacin Najeriya sun fito fili sun ƙi. Sarki Muhammadu Sanusi na biyu ya zo Yamai ranar 9 ga wata tare da Sarkin Damagaram. Bayansa malamai suka zo ƙarƙashin Sheikh Bala Lau. Talakawa sun yi zanga-zanga a Kano. Ƴan kasuwar Illela da Jibiya da Maigatari sun sha wuyar rufe iyaka kamar yadda na Konni da Maradi suka sha. Yau mu saka musu da zagi?

Iyakar ma da muke tinƙaho da ita, mai tsawon wajen kilomita 1,500, Ingila da Faransa suka shata ta a 1898 da 1904 da 1906, ba su tambayi kakan kowa ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Maratta aka haife shi, cikin ƙasar Nijar ta yau. Sarkin Maradi har gobe Sarkin Katsina ake ce masa, na Tsibiri kuma Sarkin Gobir. Fati Nijar ƴar Maradi ce, a Kano ta yi suna. Buhari ma da bakinsa ya ce in an dame shi a Daura, Nijar zai taho. Amurka da Kanada maƙwabta ne; mu da arewacin Najeriya hanta da jini ne. In ka zagi uwar Basakkwace, bincika da kyau, watakila gwaggonka ce.

Ba mu ce a sunkuyar da kai ba. Wanda ya raina mu a ba shi amsa da hujja, da shekara da sunan gari, kamar yadda muka jero a sama. Gwamnati da gwamnati su yi ja-in-jarsu kan CEDEAO da AES, aikinsu ne. Mu kuwa ƙarfin da muke ɓatawa wajen zagi, mu juya shi mu riƙa tambayar namu magabatan: ina aka kwana kan Kandaji, yaushe za a gama, nawa aka kashe?

Ku da ke Konni da Gaya da Magarya, da ku ƴan'uwa na Sakkwato da Katsina da Kano masu bin wannan shafi, ku faɗa mana abin da kuke gani a kasuwanninku. Za mu karanta saƙonninku a shirinmu na gaba. Mai zagi kuwa ya riƙe abinsa, ba mu da wurin ajiye shi.