Mujallar Shari'a A Hannun Ɗalibai: Amana Da Gwajinta

A ranar 15 ga Afrilu, 1887, wasu ɗaliban tsangayar shari'a ta Jami'ar Harvard da ke Amurka suka fitar da kashi na farko na mujallar Harvard Law Review. Har yau ɗalibai ke tafiyar da ita, tana fita sau takwas a shekara, daga Nuwamba zuwa Yuni, kuma hukumar jami'ar ba ta da ikon faɗa musu abin da za su buga.

Abin da zai ɗaure wa malaminmu na jami'a kai shi ne, a can shehun malami ne ke miƙa maƙalarsa, ɗalibi ya duba, ya karɓa ko ya mayar. Ana ɗaukar editocin ne a ƙarshen shekararsu ta farko, ta hanyar gasar rubutu mai tsanani. Aikinsu kuwa ba na ado ba ne. Duk hukuncin kotu ko littafin da marubuci ya kafa hujja da shi, sai ɗalibi ya nemo asalinsa, ya tabbatar shafin ya faɗi abin da aka jingina masa. Daga irin wannan wahala aka samu Bluebook, kundin ƙa'idojin ambaton hujja da mujallun Harvard, Yale, Columbia da Pennsylvania ke fitarwa tare.

Amanar ta haifi ɗa mai ido. A nan ne Samuel Warren da Louis Brandeis suka buga maƙalarsu ta 1890 kan haƙƙin mutum na a ƙyale masa sirrinsa, wadda har gobe ake kafa hujja da ita. Barack Obama ya zama baƙar fata na farko da ya shugabanci mujallar a 1990. A 2017 aka zaɓi ImeIme Umana, wadda iyayenta 'yan Nijeriya ne, a 2021 kuma Hassaan Shahawy, Musulmi na farko a kan kujerar.

Masu suka ba su rasa abin faɗa ba. Tun 1936 Farfesa Fred Rodell na Yale ya yi wa irin waɗannan mujallu bankwana, yana kukan nauyin salonsu. Wasu kuma na tambayar yadda wanda bai gama karatu ba zai auna aikin malaminsa. Tambaya ce mai ƙarfi, amma a ganinmu ba nan gizo ke saƙar ba.

Ainihin gwajin ya zo ne da yaƙin Gaza. A Nuwamban 2023, editocin Harvard suka kaɗa ƙuri'ar ƙin buga sharhin da aka nemi Rabea Eghbariah, lauya Bafalasɗine, ya rubuta, alhali an riga an tace shi. Daga bisani mujallar The Nation ta buga. A Yunin 2024 ɗaliban Columbia Law Review suka buga doguwar maƙalarsa kan Nakba, sai hukumar daraktocin mujallar, wadda ta ƙunshi malamai da tsofaffin ɗalibai, ta rufe shafinta na intanet baki ɗaya, bisa zargin an tsallake matakan tantancewa. Sai bayan 'yan kwanaki, da ɗaliban suka ja daga, aka sake buɗewa.

Ba mu goyi bayan hukuncin ɗaliban Harvard ba, domin janye aikin da aka nema aka kuma tace ya fi kama da tsoro fiye da ƙa'ida. Amma dai su suka yanke shi, a taronsu, kuma su za su amsa shi a gaban tarihi. Abin da aka yi a Columbia ya fi muni: manya sun bar ɗalibai da wahalar tace maƙala shekara da shekaru, sannan ranar da batu ya yi zafi suka tuna makullin yana aljihunsu. Shugabannin tsangayoyin shari'a na jami'o'inmu da ke tunanin bai wa ɗalibai mujalla su fara amsa wannan tambayar a rubuce: idan maƙalar da ba ta yi wa hukuma daɗi ba ta zo, wa ke da ta-cewa ta ƙarshe?