Sojan ko-ta-kwana ba taron masu bindiga ba ne

Jama'a, duk sanda aka kai hari wani ƙauye sai in ga ana ta rubuta "a raba wa matasa bindiga, a mayar da su sojojin ko-ta-kwana irin na Amurka." Don Allah mu daina wannan maganar sai mun san abin da muke kwatantawa da shi.

Dakarun National Guard na Amurka suna da manyan rundunoni 8. Ɗauki Runduna ta 34, wadda hedikwatarta ke jihar Minesota. Manjo janar ne a kanta. A ƙarƙashinsa akwai birged-birged, kowace da kanar da mutum dubbai: ɗaya a Minesota, wata a Ayowa. Birged ta kasu bataliya-bataliya ƙarƙashin laftanar kanar, bataliya ta kasu kamfani-kamfani na mutum ɗari da wani abu ƙarƙashin kyaftin, har ƙasa zuwa rukunin mutum 9 da sajansu. Ga masu igwa, ga masu jirage masu saukar ungulu, ga masu kai abinci, mai da harsashi, ga ma'aikatan jinya.

Mutanen nan malamai ne, direbobi ne, manoma ne. Amma duk wata suna atisayen kwana 2, duk shekara na mako 2. Gwamna na iya kiransu in an yi ambaliya, shugaban ƙasa na iya tura su yaƙi. Birged ta 1 ta wannan rundunar ta yi yaƙi a Iraƙi daga 2006 zuwa 2007.

To mu fa? Katsina ta ƙaddamar da jami'an tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta ƙaddamar da Askarawa a 2024. Ban raina su ba, wallahi rayukansu suke sayarwa. Amma kafin a ce a ƙara dubbai, a ba ni amsa: wa ke ƙirga harsashi? In an harbi mutum a daji, wa zai ɗauko shi? In wani ya kashe wanda bai ji ba bai gani ba, wane kwamanda za a kama? In gwamna ya sauka albashi ya tsaya, ina bindigogin za su nufa?

Za ku ce wanda ake yanka wa 'yan uwa ba ya jiran tsari. Gaskiya ne. Amma mun ga yadda ramuwar gayya tsakanin 'yan sa-kai da 'yan bindiga ta ƙara hura wutar nan. A fara da doka, horo da kwamandan da za a tuhuma, sannan bindiga ta biyo baya. Allah Ya kawo mana zaman lafiya.