Baƙin haure: maƙwabta na awo da tiya biyu

Duk mai zaman kasuwa ya san ɗan kasuwar da ke aje tiya biyu, babba ta saye, ƙarama ta saidawa. Ranar da aka gane shi, ba ya sake ɗaga kai cikin rumfa. To amma abin da ake jin kunyarsa a kasuwar Maraɗi ko ta Dole a Damagaram, shi ne gwamnatocin yankinmu suka maida al'ada game da baƙon da ba ya da takardu. In ɗan ƙasarsu ne aka kama a waje, sai ka ji ana maganar mutunci da haƙƙin ɗan Adam. In kuwa ɗan maƙwabta ne aka kama a cikin gidansu, sai a ce doka ce, kuma doka ba ta san kowa ba.

Mu fara da arewa, domin can ne abin ya fi yi mana ciwo. A watan Oktoba na 2013 aka tsinci gawarwakin mutane 92 cikin hamada kusa da iyakar Aljeriya, akasarinsu mata da yara daga yankin Kance, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta gama da su. A shekarar 2014 Nijar da Aljeriya suka daidaita kan a riƙa maido da ƴan Nijar da ke zaune can babu takardu, musamman mata da yaran da ke bara. Da farko an ce aikin jinƙai ne. Sannu a hankali sai ya koma kame: ana bin unguwanni da wuraren gine-gine a Alje da Oran da Tamanrasat, ana kwashe duk wani baƙar fata, a loda a mota a nufo kudu. Ƴan Nijar ana kawo su cikin kamiyo har Asamaka. Sauran kuwa, ƴan Mali da Gine da sauran ƙasashe, ana sauke su a wani fili da babu ruwa babu inuwa, kimanin kilomita 15 daga Asamaka, a nuna musu hanya da yatsa. Ƙungiyar Alarme Phone Sahara da ke lissafin abin ta ce a shekarar 2024 kaɗai mutane sama da 30,000 aka koro ta wannan hanya. Da yawa cikinsu sun ba da labarin cewa an raba su da salula da kuɗin aikinsu kafin a jefo su. Abin ya kai har gwamnatin Nijar ta kira jakadan Aljeriya a watan Afrilu na 2024 domin nuna ɓacin ranta.

Yanzu mu duba yadda Aljeriyar nan take yi idan ita aka taɓa. Samarinta na shiga kwale-kwale suna tsallaka teku zuwa Turai babu takardu, kamar yadda namu ke tsallaka rairayi. A watan Satumba na 2021 Faransa ta rage yawan bizar da take bai wa ƴan Aljeriya da rabi, bisa zargin cewa Aljeriya na ƙin karɓar ƴaƴanta da aka yanke wa hukuncin kora. Nan take Aljeriya ta kira jakadan Faransa ta nuna rashin amincewa. A watan Maris na 2025 kuma, da Faransa ta miƙa mata jerin sunayen mutane kimanin 60 da take son maidowa, sai ta ƙi karɓar takardar, ta ce ba a korar mutane a dunƙule, sai an bi ta ofisoshin jakadanci an duba maganar kowa ɗaya bayan ɗaya. Wannan magana gaskiya ce, kuma mun yarda da ita. Tambayarmu kawai: mace mai goyo da aka sauke cikin rana a bakin Asamaka, wane jakada ne ya duba maganarta? Lalle wanzami ba ya son jarfa.

Kudu ma ba ta tsira ba, sai dai can abin ya daɗe yana zagayawa. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busiya a Gana ta ba duk baƙon da ba ya da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Ƴan Najeriya da ƴan Nijar da suka yi shekara da shekaru a zango-zangon Kumasi da Ankara suka karyar da dukiyarsu suka fito. Najeriya ta yi kuka a lokacin. Shekara 13 bayan haka, a watan Janairu na 1983, da kuɗin man fetur ya faɗi kuma zaɓe ya ƙarato, gwamnatin Shehu Shagari ta yi irin wannan shela, ita ma mako biyu. Mutane kimanin miliyan biyu suka fita, kusan rabinsu ƴan Gana, har jakar da suka ɗaura kayansu a ciki ta samu sunan da muke kiranta da shi a kasuwa har yau. Namu ma ba a bar su ba. A 1984 Janar Buhari ya rufe iyaka ana tsakiyar fari, a 1985 aka sake wata korar, shi ya sa dattawan Maraɗi da Damagaram suka laƙaba wa yunwar shekarar sunan El-Buhari. Abubuwan 1983 zuwa 1985 duk sun faru ne bayan ƙasashen CEDEAO sun sa hannu a 1979 kan yarjejeniyar da ta ba ɗan yankin damar shiga kowace ƙasa ya yi kwana 90 babu biza.

Kada a ce wannan tsohon zance ne. A watan Agusta na 2019 Najeriya ta sake rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta buɗe ba sai Disamba na 2020. Masu fataucin wake da dabbobi da masu ɗan ƙaramin jari da ke bin hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya, ko Ƙonni zuwa Illela, ko Magarya da Matamaye zuwa Daura da Kano, sun san abin da suka ɗanɗana. A daidai wannan lokaci ne aka riƙa kulle shagunan ƴan Najeriya a Kumasi da Ankara, bisa wata dokar Gana ta 2013 da ta keɓe ƙaramin ciniki na cikin kasuwa ga ƴan ƙasa, ta kuma ɗora wa baƙo jarin dalar Amurka miliyan ɗaya kafin ya buɗe harkar saye da sayarwa. Najeriya ta ce an taka yarjejeniyar CEDEAO. Ƴan kasuwar Gana suka ce, to ke da kika rufe iyaka kayanmu na ruɓewa a bakin Seme fa? Kowanne ya tuna da yarjejeniyar ne a ranar da ta yi masa amfani.

To mu fa? Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. A ƙarshen 1963, lokacin rikicin tsibirin Lete, Nijar ta kori ƴan Dahome da ke aiki a ƙasar nan, har da waɗanda suka hayayyafa a Yamai. A watan Oktoba na 2006 gwamnati ta ba da sanarwar za ta maida Larabawa Mahamid na jihar Difa zuwa Cadi, kafin ta janye bayan ƴan kwanaki. A 2015 kuma aka kafa doka mai lamba 2015-36 kan safarar baƙin haure, wadda kowa ya san Turai ce ta fi matsa lamba a kanta. Ƙarƙashinta an ɗaure direbobin Agadas, an kame motocinsu, kuma ɗan Sanagal ko ɗan Gambiya da yarjejeniyar CEDEAO ta ba damar yawo cikin Nijar ya zama abin tuhuma da zarar ya wuce Agadas ya nufi arewa. Direbobi suka bar hanyar rijiyoyi suka bi ta ɓoye, mutane suka ƙara mutuwa. An soke dokar a watan Nuwamba na 2023. A watan Janairu na 2025 kuma aka fitar da sabuwar doka da ta tsaurara sharuɗɗan shigowa da zaman baƙi, da ɗauri da tara ga wanda ya saɓa. Kowace ƙasa na da ikon sanin wanda ke cikin gidanta, balle a wannan zamani na rashin tsaro. Amma yadda za a yi aiki da ita a kan shingaye shi ne zai nuna ko muna da bakin da za mu yi wa Aljeriya magana. Abin alfahari ne cewa mutanen Difa da na Gidan Rumji sun karɓi dubban ƴan gudun hijira daga Najeriya ba su tambaye su takarda ba. Wannan hali ne ya kamata hukuma ta yi koyi da shi.

Idan aka lura da kyau, takarda ba ita ce ainihin abin da ake farauta ba. Taliya da dabino da madarar gari na Aljeriya na shigowa kasuwannin Agadas da Tawa, raƙuma da tumakinmu na haurawa arewa, babu wanda ya sauke su cikin hamada. Magini ɗan Nijar, muddin ginin bai ƙare ba, babu mai tambayarsa katin zama; ana gama aiki, ranar biya ta zo, sai a tuna cewa baƙon haure ne. Alhaji mai tirela goma yana wuce shinge daga cikin mota, mai ƙullin kuka da kuɓewa a ka ita ce ake saukewa, ko tana da kati ko ba ta da shi sai ta aje wani abu. Kora kuma ba ta tashi sai tattalin arziki ya tsuke, ko zaɓe ya zo, ko shugabanni biyu sun saɓa, ko Turai ta zo da kuɗi tana neman mai gadi. Wato talaka ne ke biyan bashin da bai ci ba.

Akwai kuma gaskiyar da ya kamata mu gaya wa juna. Maganar bara na zubar mana da daraja, tana kuma bai wa masu kora hujja. A watan Maris na 2022 jiragen sama ne suka kwaso kimanin mutum dubu daga titunan Dakar. A watan Mayu na 2025 hukumar shige da fice ta Gana ta kama mabarata sama da 2,000 a Ankara, mafi yawansu ƴan Nijar. Masu tara yaran mutane suna kai su bara ƙasashen waje fatauci suke yi da ƴaƴanmu, kuma idan kame ya tashi ba a bambanta su da mai saida goro ko mai gadi da ke cin guminsa.

Tun 29 ga Janairu na 2025 Nijar ta fita daga CEDEAO. A lokacin fitar ƙungiyar ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin ɗan ƙasa na mutanenmu har sai an sake shawara. Alfarma ke nan, kuma mun ga yadda aka yi da yarjejeniya mai sa hannu ma a 1983, balle alfarma. Don haka kira muke ga mahukunta da su nemi a rubuta ƙa'ida ɗaya da kowace maƙwabciya: wanda za a kora a sanar da jakadansa, a ba shi lokacin tattara kayansa da karɓar bashinsa, a miƙa shi hannun hukuma cikin gari, kada a raba uwa da ɗanta. Abin da muka nema a yi wa namu, shi za mu yi wa na wasu. A kuma sauƙaƙa samun takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa a karkara, domin mutanenmu da yawa tun daga gida ba su da takardu.

Ku kuma ƴan kasuwa da mata masu fatauci, kada ku tsallaka iyaka babu katin ɗan ƙasa da katin rigakafi. Wanda zai daɗe ya je ofishin jakadancinmu ya rubuta sunansa, kada kuma ya tara duk jarinsa wuri ɗaya a ƙasar da ba tasa ba. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na direbobi su riƙa rubuta duk abin da ake karɓa a shingaye ba bisa ƙa'ida ba, na wancan gefe da na wannan gefe, su kai gaban hukuma da murya ɗaya. Idan kuma kuka ga ana wulaƙanta baƙo a tasharku ko a bakin rumfarku, ku sa baki, domin ɗanku na can wata tasha yana jiran wanda zai sa masa baki.

Allah Ya tsare matafiyanmu, Ya maido su gida lafiya.