Sabuwar Land Rover Defender: ta fi uwarta komai, in ban da abu ɗaya

Makon nan za mu ɗan ajiye zancen jarrabawa mu yi hirar mota.

A hutun da ya wuce mun je ɗaurin aure a Yelwan Yauri, sai ga wani baƙo daga Abuja da wata jif ruwan toka, bayanta a miƙe sak kamar an yanke da wuƙa, tayar safaya maƙale a ƙofar baya. Yara suka yanyame ta. Wani dattijo da ke gefenmu ya daɗe yana kallonta, can sai ya ce, "Kai, wannan ai Landiroba ce aka yi wa wanka." Kuma bai yi kuskure ba, sabuwar Land Rover Defender ce. Mai motar ya yi mana kirki, ya ɗauke mu muka zaga har bakin ruwa muka dawo. A kujerar baya muka zauna, amma mun buɗe ido da kunne sosai.

Kafin mu yanke mata hukunci, sai mun san uwarta. Kamfanin Rover na Ingila ne ya fito da Land Rover ta farko a 1948, bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Injiniyan kamfanin, Maurice Wilks, ya ɗauko tunaninta ne daga jif ɗin sojan Amurka da yake aiki da ita a gonarsa. A lokacin ƙarfe ya yi wuya a Ingila, sai suka ƙera jikin motar da alminiyom. 'Yan ajin kimiyya, ga inda darasinku ya yi rana: nauyin alminiyom kusan kashi ɗaya cikin uku ne na ƙarfe mai girmansa, kuma ba ya tsatsa irin ta ƙarfe. Shi ya sa in kun ga tsohuwar Landiroba yashe a bayan gareji, za ku tarar ƙasanta ya cinye amma jikinta na nan.

Dattawanmu sun san ta ciki da bai. Ita ce motar jami'an En'e, da malaman gona, da ma'aikatan asibiti, da 'yan sanda. Waɗanda suka ga zamanin gina madatsar Kainji, daga 1964 zuwa 1968, lokacin da ruwa ya ci garuruwa da tsibirai aka sauya wa mutane fiye da 40,000 matsuguni, za su gaya muku cewa a wancan lokacin in ka ji ƙugin mota a ƙauyen da babu kwalta, to galibi ita ce. Har a Ibadan an taɓa haɗa ta, a masana'antar Leyland. Sunan Defender kuwa sai a 1990 aka laƙaba mata. An ƙera fiye da miliyan biyu kafin ta ƙarshe ta fito daga masana'antar Solihull ranar 29 ga Janairun 2016. Dokokin Turai na hayaƙi da na kare rai a haɗari ne suka yi mata tsauri, siffarta ta tsufa ba ta iya cika su.

A watan Satumban 2019 aka nuna sabuwar a bajekolin motoci na Frankfurt a Jamus. Yanzu a ƙasar Sulobakiya ake ƙera ta, kamfanin kuma tun 2008 mallakar Tata ne na Indiya. Ku duba fa: sunan Ingila, kuɗin Indiya, masana'antar Sulobakiya, ga ta a ƙofar masallaci a Yelwa.

Mu fara da yabo, domin ta cancanta. Tsohuwar tana da firam na ƙarfe mai kama da tsani, a kansa ake ɗora jikin motar a ɗaure da kusoshi. Sabuwar kuwa jiki da firam abu ɗaya ne, na alminiyom. Kowace taya tana motsi ita kaɗai, kuma a yawancinsu jakunkunan iska ne ke ɗauke da motar a maimakon sifirin, direba na danna maɓalli ta ɗaga ko ta sauka. Mun shiga ramuka biyu a hanyar bakin ruwa, wallahi ko kanmu bai girgiza ba. Giyarta takwas ce, ita ke canza kanta, babu kuloci. Akwai kyamarori da ke nuna wa direba ƙasan gaban motar a allo, kamar babu injin a wurin. Kamfanin ya ce tana ratsa ruwa mai zurfin santimita 90, wato kusan ƙugun babban mutum, alhali tsohuwar iyakarta santimita 50. A gwajin haɗari na Turai na 2020 ta samu taurari biyar, cikakken maki ke nan. Tsohuwar kuwa, ko dattijon da ke yabonta ya yarda cewa zafi ne a ciki, ga ƙara, ga ƙura, in ruwa ya sauko kuma har ka jiƙe.

Wani ɗan abin dariya: tsofaffin ana kiran su 90 da 110 ne saboda tazarar tayar gaba da ta baya ta kai kusan inci 90 ko 110. Sabbin sun riƙe lambobin, amma ta 110 ɗin tazararta inci 119 ce. Suna ne kawai ya rage.

Kuma don Allah, wannan santimita 90 ɗin na ruwan da ke tsaye ne. Ƙoramar da ta kawo a watan Agusta daban take, tana ture mota ta gefe tana kwashe ƙasar da ke ƙarƙashin taya. Mu 'yan bakin ruwa mun san haka.

Yanzu ga abin da ya hana mu barci. Washegari muka je wurin wani tsohon bakanike da muka sani tun muna firamare, muka nuna masa hoton injinta da muka ɗauka. Ya kalla, ya sake kalla, ya ce, "Ɗana, ina zan sa hannu a nan?" Muka ce, "Baba, ai kwamfuta ake jona mata ta faɗi ciwonta." Ya yi murmushi ya ce ta da in ta mutu a daji, da sifana da filaya da waya yake tayar da ita, wani lokacin har da robar tsohuwar taya.

Kamfanin da kansa ya ce akwai ƙananan kwamfutoci 85 a cikin sabuwar, kuma ana sabunta manhajarta ta intanet. Wannan abin alfahari ne a Landan. To amma ku ɗauka muna wani ƙauye a Shanga ko a bayan Wara ta ƙasar Ngaski, da damina, da dare, mace tana naƙuda a kujerar baya, sai wata na'ura ta nuna jar fitila, jakar iskar taya ɗaya ta sace. Wa zai duba? A ina za a samo kayan gyaran? Sai dai a jira daga Abuja ko Legas. A nan ne muka gane cewa abin da ya sa dattawa ke ƙaunar tsohuwar ba siffarta ba ce, ba kuma don ba ta lalacewa ba. Tana lalacewa sosai ma. Abin shi ne duk inda ta lalace akwai mai iya tayar da ita. Kamfanin ya dawo da fitilu masu kama da na da, da 'yan tagogin saman rufi, da tayar baya, amma wannan halin bai dawo ba.

Ba mu kaɗai muka lura ba. Wani attajirin Ingila, Jim Ratcliffe, da ya ga an daina tsohuwar, sai ya ƙera tasa mai suna Ineos Grenadier, da firam irin na da da injin BMW, ana haɗa ta a Faransa tun 2022. Toyota kuwa ba ta taɓa daina Land Cruiser 70 ba tun 1984, kuma ita da Hilux ne suka gaji aikin Landiroba a yawancin karkarar Afirka. A yankinmu ma, in za a faɗi gaskiya, abin da ke kai busasshen kifi da albasa kasuwa da marar lafiya asibiti shi ne babur, da kwale-kwale, da tsohuwar a-kori-kura.

Hukuncinmu: a matsayin mota, sabuwar Defender ta yi, ba mu taɓa shiga wadda ta kai ta daɗi a hanya marar kyau ba. A matsayin magajiyar Landiroba kuwa, ba mu ba ta ba. Waccan motar ma'aikata ce, wannan ta masu hali ce. A Ingila kanta farashinta ya haura fam 50,000. Ga aikin gida: ku nemi canjin fam na yau, ku mayar da kuɗin naira, sannan ku lissafa babura nawa za su saya. Ba a ma sa kuɗin fito da na kwastan ba.

Da za mu bar garejin, wani yaron Baba, ɗan aji biyar a sakandare da ke zuwa koyon aiki bayan an tashi, ya biyo mu yana tambayar sunan na'urar da ake jona wa mota ta faɗi ciwonta, da nawa ake sayar da ƙaramarta. Mun yi masa alkawarin za mu bincika, kuma abin da za mu kawo muku ke nan mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Wanda ke da tsohuwar Landiroba a garinsu, ya aiko mana da labarinta.