Zancen Gida: Mai Kyau a Katun, Shi Ne Mai Kirki?

 A wannan wata zancenmu a kan katun ne, wato fim ɗin zane mai motsi wanda yaranmu suke kallo. A dā sai an je Sakkwato ko wani babban gari kafin yaro ya ga talbijin. Yanzu kuwa ko a Fakku da sauran garuruwan ƙasar Kebbe da Tambuwal, in dai akwai babbar waya ɗaya a gida, to, sinima ta shigo. Masu cajin waya sukan tura fim a kan kuɗi kaɗan, da dare yara su kewaye wayar kamar yadda ake kewaye kaka a ji tatsuniya. Iyaye da yawa sukan ce ai katun wasan yara ne, tun da ba batsa a ciki. Gaskiya ne yawancinsu ba batsa, amma akwai wani karatu da suke koyarwa a hankali: wane ne mai kyau, wa za a so, wa kuma za a yi wa dariya.

Bari mu duba waɗanda suka fi yawo. A 1937 kamfanin Disney na Amurka ya fito da Snow White. Tun daga sunanta an gaya wa yaro cewa fara ce fat, kuma saboda kyanta matar ubanta take neman ranta. Da matar ta tashi aikata mugunta, sai ta rikiɗa ta zama tsohuwa mai ƙusumbi da ƙaton hanci. A Cinderella, na 1950, 'yan'uwan yarinyar masu baƙin hali an ba su manyan ƙafafu da fuskokin ban dariya, ɗan sarki kuwa rawa ya yi da ita dare ɗaya, bai ko san sunanta ba, ya ce sai ita. A The Little Mermaid, na 1989, muguwar mai ƙiba ce, yarinyar kuwa ta ba da muryarta don ta sami ƙafafu, aka ce ta jawo hankalin saurayi cikin kwana uku ba tare da magana ba. A The Lion King, na 1994, mugun zakin yana da tabo a ido, sunansa ma ma'anarsa tabo.

Masu zanen suna da dalilinsu. Suna so ƙaramin yaro ya gane na kirki da mugu da kallo ɗaya. Saboda haka sukan ba na kirki manyan idanu da ɗan ƙaramin hanci da fuska mai laushi kamar ta jariri, mugu kuwa a ba shi haɓa mai tsini, ko tabo, ko duhun fata, ko tsufa. Dabara ce ta aiki, amma yaro ɗan shekara biyar bai san dabara ba ce. Abin da ya gani sau ɗari shi yake ɗauka gaskiya.

To, ku duba gidajenmu. A ƙasar Sakkwato akwai kakanni da yawa masu tsagar gado a fuska, ta Kabawa ko ta Gobirawa ko ta Zamfarawa. Akwai yaron da wuta ta ƙona, akwai zabiya, akwai wanda shan inna ta taɓa. In jikoki sun koyi cewa tabo alamar mugu ce, da wane ido za su dubi waɗannan? A Ingila ma an lura da haka, har a 2018 hukumar fim ta ƙasar ta ce ba za ta ƙara ba da kuɗi ga fim ɗin da ya sa tabon fuska ya zama alamar mugunta ba.

Sai zancen launin fata. A shekarun 1940 wasu masana biyu baƙaƙen fata a Amurka, Kenneth Clark da matarsa Mamie, suka riƙa nuna wa yara baƙaƙe 'yar tsana fara da baƙa. Mafi yawan yaran suka zaɓi farar, suka ce ita ce mai kyau. Disney kuwa sai a 2009, shekara 72 bayan Snow White, ya zana gimbiya baƙa, Tiana, ita ma yawancin fim ɗin a siffar kwaɗo ta yi shi. A nan Nijeriya, rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2011 ya ce mata 77 cikin ɗari suna shafa man sa fari, a 2023 kuma hukumar NAFDAC ta ce abin ya zama matsalar gaggawa. Wasu mayukan suna da sinadarin da yake lalata ƙoda, wasu suna cinye fata har ta yi sirara, ciwo ya ƙi warkewa. Ba mu ce katun kaɗai ya jawo wannan ba. Amma yarinyar da ta tashi ba ta taɓa ganin gimbiya mai kama da ita ba, ranar da ƙawa ta miƙa mata kwalba, da wuya ta ƙi.

Kada kuma mu ɗora wa Turawa laifin duka. Mu ne muke yi wa farar mace kirari da alkyabbar mata. A tatsuniyar 'yar mowa da 'yar bora, horon marar kunya shi ne ta komo gida tare da kutare da makafi da guragu, sai ka ce su ne la'ana. Katun ya tarar da ƙasar a jiƙe ne, ya yi shuka.

Akwai kuma masu kyau a cikinsu. A Shrek, na 2001, gimbiyar ta zauna a siffar dodo, aka kuma so ta haka, ko da yake fim ɗin bai bar gajeren mutum ya huta da ba'a ba. Maƙwabcinmu Moustapha Alassane na Nijar, wanda ya daɗe yana zaune a Tawa, ya rasu a 2015, tun 1966 ya yi katun na kwaɗi mai suna Bon Voyage Sim, yana zolayar masu mulki da son girma. A Abuja kuma Adamu Waziri ya ƙirƙiro Bino and Fino, yara biyu baƙaƙe masu gashi irin na 'ya'yanmu.

Me ya kamata mu yi? Hana kallo ɗungum ba ya aiki, gama yaro zai gani a maƙwabta. Gara babba ya fara duba abin da aka tura a waya, ya kuma zauna tare da yaran ko sau ɗaya a mako. In an gama a tambaye su: me wannan ya yi da ya zama mugu? Da ba shi da tabo, da halinsa ya gyaru? Me ɗan sarki ya sani game da yarinyar kafin ya aure ta? A bar su su amsa da kansu. Sa'an nan mu kula da bakinmu. Uwar da take kiran 'yarta "baƙar banza" cikin fushi, ko uban da yake yabon wadda ta fi haske a gaban 'yan'uwanta, sun fi kowane katun yin ɓarna. A yabi yaro a kan gaskiya da taimako da haƙuri, a kuma gaya wa baƙar yarinya tana da kyau, ta ji daga bakin ubanta tun kafin wani ya gaya mata akasin haka.

A lokacin addu'ar iyali za a iya karanta musu Littafin Sama'ila na Fari, sura 16. Annabi ya ga Eliyab dogo kyakkyawa ya zaci shi ne sarki, amma Ubangiji ya ƙi shi, gama zuciya yake dubawa. Dawuda da aka zaɓa shi ma kyakkyawa ne, don haka kyau ba laifi ba ne, sai dai ba shi ne ma'auni ba. Hausawa ma sun san akwai kyan ɗan maciji.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah ya ba mu hikimar renon 'ya'yanmu. Sai wata mai zuwa, in Ubangiji ya yarda.