RA'AYINMU: Kafin Mu Janye 'Ya'yanmu Daga Makarantar Gwamnati

'Yan'uwa cikin Almasihu, akwai wata magana da ta fara yawo a ikilisiyoyinmu, a zaman dattawa da kuma taron Zumuntar Mata. Maganar ita ce, tun da makarantun gwamnati sun lalace, gara iyaye su riƙe 'ya'yansu a gida su koyar da su da kansu, kamar yadda Kirista da yawa suke yi a Amurka. Masu wannan ra'ayi iyaye ne masu kishin 'ya'yansu, kuma kukansu yana da dalili. Amma bayan mun auna al'amarin, matsayinmu shi ne, makarantar gida ba za ta iya maye gurbin makarantar gwamnati ga yawancin iyalanmu ba. Abin da ya kamata mu ɗauka daga cikinta shi ne darasin da take tuna mana, wato nauyin tarbiyya da ilimin yaro yana wuyan iyaye da ikilisiya tun kafin ya kai ga gwamnati.

Bari mu fara da gaskiyar da ke cikin kukan. Kowa ya san makarantar firamare inda yara suke zaune a ƙasa, aji ya cika maƙil, malami ɗaya yana fama da su, wani lokaci ma malamin bai zo ba. A shekarar 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta gwada malaman firamare da jarrabawar 'yan aji huɗu, sai fiye da 21,000 suka kasa cin makin da aka sa. A wurare da yawa inda muke marasa rinjaye, babu malamin da zai koyar da Ilimin Addinin Kirista, sai yaranmu su fita waje su zauna a gindin itace har a gama darasin addini. A shekarar 2025 jihohin Bauchi, Katsina, Kano da Kebbi sun rufe makarantu na makonni saboda watan azumi, har Ƙungiyar Kiristocin Nijeriya, wato CAN, ta nuna rashin amincewarta.

Abin da ya fi duka ciwo shi ne rashin tsaro. Ba mu manta da 'yan mata 276 da aka kwashe a Chibok cikin Afrilu 2014 ba, ko na Dapchi a 2018, inda aka sako yawancinsu aka riƙe Leah Sharibu. Bayansu aka yi Ƙanƙara a 2020, Jangebe da makarantar Bethel Baptist ta Kaduna a 2021, Kuriga a 2024, sai makarantar Katolika ta Papiri a Jihar Neja cikin Nuwamba 2025. Uwar da ta ji waɗannan labarai ta ce ɗanta ba zai kwana a makaranta ba, wa zai ga laifinta? Sai dai mu lura, cikin wannan jerin akwai makarantun gwamnati, akwai kuma na ikilisiya, an kwashe 'ya'yan Kirista, an kwashe na Musulmi. Masifar ta kowa ce.

To, yaya abin yake a Amurka, inda ake kawo mana misali? Tun cikin shekarun 1970 wasu masana ilimi irin su John Holt da Raymond Moore suka fara kira ga iyaye su koyar da yara a gida. Iyaye da yawa sun sha shiga kotu a kan haka, har a 1983 wasu lauyoyi Kirista suka kafa ƙungiya domin kare su, kuma sai a 1993 ne abin ya zama halal a dukan jihohi 50 na ƙasar. Ƙididdigar gwamnatinsu ta nuna yara kusan 850,000 ne ake koyarwa a gida a 1999, suka kai kusan miliyan ɗaya da rabi a 2007, adadin kuma ya ƙara hawa lokacin annobar korona a 2020. Amma mu dubi abin da ke riƙe da tsarin. A yawancin irin waɗannan gidaje, ɗaya daga cikin iyayen, galibi uwa, tana barin aiki ta zauna da yara dukan yini, kuma ita kanta ta yi karatu. Akwai kamfanonin da suke sayar da littattafai da jadawalin darussa na kowane aji. Akwai ɗakunan karatu na jama'a kyauta, wutar lantarki da intanet ba sa yawan yankewa, iyalai kuma sukan haɗu a mako domin yara su yi kimiyya da wasanni tare. Ko a ƙasashen Turawa ma ba a zama ɗaya ba, gama a Jamus doka ta hana, ana kuma cin tarar iyayen da suka ƙi kai yara makaranta. A Afirka ta Kudu dokar makarantu ta 1996 ta yarda, amma da sharaɗin a yi wa yaron rajista a wurin hukumar ilimi.

Yanzu mu juyo gida. A ikilisiyar ƙauye, iyaye nawa ne suka gama sakandare? Uwar da za ta tashi da asuba ta ɗebo ruwa, ta tafi gona, ta dawo ta yi daka ta ɗora tuwo, a wane lokaci za ta zauna ta koyar da lissafi da Turanci? Uban da ya fita da babur tun safe yana neman abin cefane, yaushe zai duba aikin yaro? Ko malamin da ya yi kwalejin horon malamai ba zai iya koyar da dukan darussan sakandare shi kaɗai ba, balle kimiyya mai bukatar ɗakin gwaji. Mun ga abin da ya faru a 2020 da aka rufe makarantu wata da watanni. An ce a bi darussa ta rediyo da talabijin, amma a gidaje da yawa yara gona suka koma, wasu suka shiga talla, wasu 'yan mata kuwa ba su ƙara komawa aji ba. Idan muka ce kowa ya janye ɗansa, 'ya'yan masu hali da masu ilimi za su ci gaba, 'ya'yan gwauraye da marayu kuwa za a ƙara su a kan yara fiye da miliyan 10 da asusun UNICEF ya daɗe yana cewa ba sa zuwa makaranta a ƙasar nan. An gudu ke nan ba a tsira ba.

Akwai kuma batun doka, wanda bai kamata dattawa su yi wasa da shi ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda aka sani da UBE, ta wajabta wa kowane uba ko mai riƙon yaro ya tabbata yaron ya yi karatun shekara tara, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Wanda ya ƙi, a karo na fari za a tsawata masa, a karo na biyu tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, bayan haka Naira 5,000 ko wata biyu. Dokar ba ta shimfiɗa wata hanya ta yi wa makarantar gida rajista ba. Gaskiya ne ba a cika hukunta kowa ba, amma mu da muke zaune a inda ake sa mana ido, bai dace mu ba wani sandar da zai doke mu da ita ba. Ga kuma batun takarda. Hukumomin WAEC da NECO suna da jarrabawar masu zaman kansu, wadda yaron da ya yi karatu a gida zai iya rubutawa, daga nan ya nemi JAMB. Ƙofar a buɗe take, amma sai wanda aka shirya shi sosai zai iya shiga ta.

Dalili mafi nauyi a wurinmu ya shafi zamanmu na marasa rinjaye. Makarantar gwamnati da kuɗin jama'a aka gina ta, da harajinmu a ciki, saboda haka tamu ce kamar yadda take ta kowa. Sashe na 38 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana a tilasta wa ɗalibi koyon wani addini ko shiga ibadar da ba tasa ba, ya kuma ba kowace jama'ar addini 'yancin koyar da addininta a makarantar da ita take ɗauke da nauyinta. Haƙƙin da ba a nema, a hankali yakan mutu. Ranar da babu ɗan Kirista ko ɗaya a rajistar makarantar gari, wa zai je ofishin ilimi na ƙaramar hukuma ya ce a turo malamin Ilimin Addinin Kirista? Za a ce ai babu masu bukata. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Bayan haka, a benci ɗaya ne ɗanmu da ɗan maƙwabcinmu Musulmi suke sanin juna, suna cin gyaɗa tare, suna buga ƙwallo tare. Da yawa daga cikinmu mun san yadda abotar makaranta ta ceci rai a ranar tashin hankali. Idan muka raba yaran tun suna ƙanana, sai su girma ba su san juna ba sai ta bakin masu zuga.

Duk da haka, masu kiran a koma gida sun taɓa mu a inda muke da rauni. Littafin Kubawar Shari'a sura 6 a kan iyaye ya ɗora aikin koyar da 'ya'ya, a zaune da tafe, dare da rana. Timoti ma a hannun kakarsa Loyis da mahaifiyarsa Afiniki ya fara sanin Littattafai. Kakanninmu da yawa a ajin mai bishara suka koyi karatu, a rumfar ciyawa, domin su iya karanta Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka buga a 1932. Daga irin waɗannan ƙananan azuzuwa ne aka kai ga makarantu irin na Wusasa, Gindiri, Garkida da Kagoro, waɗanda suka fitar da malamai da likitoci da ma'aikata. Da gwamnatoci suka karɓe makarantun mishan cikin shekarun 1970, aka kuma kawo shirin UPE a 1976, sai muka naɗe hannu, muka bar wa gwamnati dukan aikin. A nan maƙwabtanmu Musulmi sun fi mu dabara. Yaro yakan tafi boko da safe, da yamma ya tafi Islamiyya, jama'ar unguwa ce kuma take biyan malaman. Mu kuwa mun dogara ga awa ɗaya ta Makarantar Lahadi, wani lokaci ma babu malamin da ya shirya.

Saboda haka ga abin da muke roƙon kowace majalisar dattawa ta zauna a kai. Na fari, a buɗe ajin yamma a ɗakin sujada, kwana uku ko huɗu a mako, inda za a koyar da karatu da rubutu, lissafi, Turanci da Maganar Allah. Ginin yana nan a kulle daga Litinin zuwa Asabar, bencina da allo ba su da wuyar samu. Muna da malaman da suka yi ritaya, muna da matasan da suka gama karatu suna zaune babu aiki, da masu bautar ƙasa da ake turowa. A ware wani abu daga baiko domin alli da littattafai da ɗan abin sabulu ga malaman, kada a bar aikin a kan sa kai kaɗai, gama yakan mutu bayan wata uku.

Na biyu, dattawa su rubuta sunan kowane yaro na ikilisiya da ajin da yake, su san wanda ya daina zuwa da dalilinsa, musamman 'yan mata da marayu. Na uku, iyaye su shiga ƙungiyar iyaye da malamai da kwamitin kula da makaranta, su riƙa halartar zama, su yi magana cikin ladabi amma ba tare da tsoro ba. Inda babu malamin addininmu, a rubuta takarda zuwa ga sakataren ilimi, a ajiye kwafi, a sake rubutawa idan ba a amsa ba, a kuma sanar da shugabannin ƙungiya. Na huɗu, kowane gida ya sa lokaci bayan cin abincin dare da za a kashe rediyo, a ajiye waya, yaro ya buɗe littafinsa. Uwar da ba ta iya karatu ba ma tana iya cewa ɗanta ya karanta mata da ƙarfi, kuma wannan kaɗai yana sa yaro ya san ana kula da shi.

Mun san akwai inda riƙe yaro a gida ya zama dole: ƙauyen da aka rufe makarantarsa, hanyar da 'yan bindiga suka tare, iyalan da suke gudun hijira, ko yaro mai ciwon da ba zai iya doguwar tafiya ba. A irin wannan hali kada iyali ɗaya su ɗauki kayan su kaɗai, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Gidaje biyar ko goma su haɗu, a nemi malami mai takarda, a bi manhajar gwamnati aji bayan aji, a riƙa ajiye sakamakon yara a rubuce, a sanar da ofishin ilimi abin da ake yi, a kuma nemi makarantar da aka amince da ita inda yaran za su rubuta jarrabawa. A ɗauke shi a matsayin maganin wucin gadi, har ranar da hanya za ta buɗe. Ikilisiyar da Allah ya ba ta ƙarfi kuma ta yi tunanin kafa makaranta mai rajista, amma kada kuɗin makarantar ya kore 'ya'yan waɗanda suka yi baikon gina ta.

Iyaye, kada fushi ko tsoro su yanke mana shawara a kan rayuwar 'ya'yanmu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, shekarar karatu kuma idan ta wuce yaro ba ta dawowa. Muna roƙon kowane fasto da mai bishara ya sa wannan magana cikin ajandar zaman majalisa mai zuwa, a fito da ranar da za a fara ajin yamma da sunan wanda zai kula da shi. Ubangiji ya ba mu hikima, ya tsare 'ya'yanmu a fitarsu da shigarsu. Amin.