FILIN NOMA DA KIWO: Kyan Taki Daga Akurki Ya Ke Farawa

Duk wanda ya san Jos ya san ƙasa ce ta lambu da kiwo. Daga bakin kogin Dilimi har zuwa Bukuru manoman rani suna noma kabeji da karas da latas, da yawansu kuwa da ruwan kududdufan da masu haƙar kuza suka bari su ke ban ruwa. A ƙauyukan kewaye kuma mutane da dama suna kiwon aladu da kaji. Taki shi ya haɗa sana'o'in nan biyu, kyansa ko muninsa kuwa daga abin da dabba ta ci ya ke farawa.

Masana sun auna, sun ga alade mai tasowa ba ya riƙe fiye da wajen sulusin naitirojin ɗin da ke cikin abincinsa. Sauran sulusi biyu fita su ke yi, galibi ta fitsari. Wannan naitirojin, watau harafin N da a ke gani jikin buhun takin zamani, cikin furotin ya ke, furotin kuwa yana cikin abubuwa mafiya tsada a abincin dabba.

Dalili shi ne, jiki yana gina tsoka ne da tubala iri-iri da ke cikin furotin. In guda ya gaza sai gini ya tsaya, sauran su zama shara. Tubalin da ya fi gazawa a masara da dawa shi a ke kira laisin. Tunkuzar gyaɗa ma ba ta da shi sosai, amma waken soya yana da shi a wadace. Saboda haka mai kiwon da ke ta ƙara tunkuza don dabba ta yi saurin girma, kuɗinsa ya ke zubarwa a kwata. An gwada an ga in aka rage furotin da kashi 1 cikin 100 na abincin, aka cike gurbi da laisin da 'yan'uwansa, naitirojin ɗin da ke fita ya kan ragu da wajen kashi 8 cikin 100, girma kuwa bai ragu ba.

Haka al'amarin fosfaras ya ke, watau harafin P. Wajen sulusi biyu na wanda ke cikin hatsi a ƙulle ya ke. Shanu da tumaki, da ya ke masu tuƙa ne, ƙwayoyin halittar da ke tumbinsu suna kwance shi. Alade da kaza kuwa cikinsu ba ya iyawa sosai, sai ya fita yadda ya shiga, kana mai kiwo ya sake sayen garin ƙashi. A shekarar 1991 aka fara sayar da wani sinadari mai suna faitas a ƙasar Holan, inda taki ya yi wa gonaki yawa. Shi ke kwance wannan ƙulli, har fosfaras ɗin da ke fita ya ragu da wajen sulusi.

Dusa ma tana da nata aiki. Abinci mai harza ya kan karkatar da wani ɓangare na naitirojin daga fitsari zuwa kashin dabba. Na fitsari nan da nan ya ke bin iska, shi ne warin nan mai yaji da ke haɗa maƙwabta faɗa. Na kashi kuwa ya kan daɗe har ya kai gona. Amma in dusa ta yi yawa girma ya kan ja baya.

Abin lura, duk abin da ya kwarara daga garke da damina, rafi da kududdufi ya ke nufa. Can sai gansakuka ta rufe ruwa, kifi ya mutu, rijiyoyin kusa su gurɓace.

To, shawara ita ce, a bambanta abincin ƙanana da na manya, gama bukatar furotin raguwa ta ke yi in dabba ta girma. A duba takardar buhu kafin a saya. A tara taki ƙarƙashin rumfa nesa da rijiya, a bar shi ya ruɓe sarai kafin ya shiga lambu. Mai neman ƙarin bayani sai ya tuntuɓi malaman gona, ko ma'aikatan Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Vom, wadda ke can tun shekarar 1924. Masu kaji ma su riƙe wannan, gama dokar ɗaya ce.